Yadda Ake Kama Wuta A Hoto Da Dare

Wannan bayani ne a kan wata sana'a mai wuya, watau ɗaukar hoton masu wasa da wuta a fili da dare. Abin da ya kawo maganar kuwa, a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda kasuwar waya ta Farm Centre take, yanzu da ƙyar a sami saurayin da ba shi da kyamara a aljihu. In dare ya yi aka ji kiɗa a wani lungu, ko biki ne ko tashen yara, kafin makaɗi ya daidaita gangarsa hannuwa sun tashi sama, kowa da wayarsa. Amma in gari ya waye aka duba abin da aka ɗauka, sai a tarar da wani farin dunƙule a tsakiyar baƙi, ba fuska, ba hannu, wutar ma ba ta yi kama da wuta ba. Mai waya ya yi tsaki, ya koma wurin wanda ya sayar masa da ita yana ƙorafi, alhali kuwa ɗan kasuwa ba shi da laifin kome.

Wasa da wuta ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, maƙera kuwa su ne iyayen gidansa. In an yi naɗin Sarkin Maƙera, ko wani babban bikinsu, a kan kafa dundufa, a sa zuga-zugi a hura gawayi har ƙarfe ya yi jawur, sa'an nan wannan ya ɗauka da hannu, wancan ya goga a jikinsa, ana yi musu kirari. Wani Bature, Philip Jaggar, ya zauna da maƙeran birnin Kano, ya rubuta littafi a kansu, aka buga shi a 1994. A da kuma akwai wowwo, wasan da yara kan yi da damin ciyawa mai ci a daren cika-ciki cikin watan Muharram. Wannan ya ja baya ƙwarai a nan, amma jikokin fataken goro da suka zauna ƙasar Dagomba sun san har yanzu ana yin irinsa a Tamale da Yandi, ana kiransa Bugum. Akwai kuma wutar da ba ta wasa ba ce, watau ta tsangaya, wadda almajirai ke kewayewa da allunansu bayan isha'i da kuma kafin asuba. Masu hoto na ƙasashen waje sun daɗe suna kwaɗayinta.

To, kafin a san dabara sai a san asali. Malam Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya kawo wani gwaji cikin littafinsa Kitabul Manazir. Ya jera fitilu wuri daban-daban a gaban wata ƙaramar kafa mai shiga ɗaki mai duhu. Sai ga hasken kowace fitila ya bayyana daban a bangon da ke fuskantar kafar, adadinsu daidai da adadin fitilun. In aka rufe fitila ɗaya, haskenta kaɗai ke ɓacewa, sauran suna nan. Da haka ya tabbatar haske miƙe yake tafiya, kuma ba ya cakuɗewa da ɗan'uwansa a bakin kafa. Kyamara ba wani abu ba ce face wannan ɗaki, an ƙanƙanta shi, an sa wa kafar gilashi da ƙyaure, an kuma sa wani faifai a wurin bango mai riƙe abin da ya sauka a kansa. Sai dai riƙewar ta daɗe tana gagara. Hoton da wani mutumin Faransa, Niyefs, ya ɗauka ta tagar gidansa wajen 1826, sai da faifan ya sha rana aƙalla awa 8.

Wannan riƙewa ita ce wurin da malamai suka yi magana. Shaihu Muhammad Bakhit Almuɗi'i, wanda ya yi Muftin Masar, ya rasu 1935, ya rubuta risala yana cewa hoton kyamara tsare inuwa ne kawai, bai shiga cikin surar da aka hana ba. Wasu malamai ba su yarda da shi ba. Hukuncin yana hannun ma'abutansa, maganar nan ta sana'a ce.

Dalilin farin dunƙulen nan kuwa ga shi. Harshen wuta ya fi fuskar mai riƙe da shi haske ninki ba ninki. Ido yana iya ɗaukar biyun gaba ɗaya, kyamara ba ta iyawa. Ita tana auna abin da ke gabanta ne duka, ta ga duhu ya fi yawa, sai ta bar ƙyaurenta a buɗe ya daɗe don ta mai da dare rana. Kafin duhun ya washe, wutar ta riga ta cika faifan ta tumbatsa. Magani shi ne a auna wutar, a ƙyale duhu ya zauna duhunsa. Mai waya ya taɓa daidai harshen wutar a fuskar wayarsa, ya ja ma'aunin haske ƙasa har ja da rawaya su komo. Fuskar mutum kuwa sai a yi haƙuri a jira ta. Ƙa'idar haske ita ce, in nisa ya ninka sau 2, ƙarfinsa ya koma kashi 1 cikin 4. Saboda haka ƙarfen da maƙeri ya miƙa can da tsawon hannunsa ba ya haska shi, amma da ya kawo shi kusa da haɓa, sai goshi da gumi da idanu su fito sarai. Nan ne gwani ke danna maɓalli, shi kuwa ɗan koyo ya riga ya cika wayarsa da hotunan banza.

Hanyoyin ɗauka biyu ne, kowace da abin da take nema. Wanda ke son ya tsai da wutar cak, a ga kowane harshe da kowane tartsatsi, sai ya sa ƙyaure ya buɗe ya rufe cikin kashi 1 daga 250 na sakan, ko ma 500, ya buɗe kafar gilashi sosai, ya ƙara lambar nan da ake rubuta ISO a kanta gwargwadon bukata. Ƙarinta yana jawo hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa, amma gara tsakuwa da hazo.

Hanya ta biyu ita ce ta fi ban mamaki, ita ce kuma malamai za su fi ganewa. Ibnu Sina, wanda ya rasu 1037, ya kafa hujja da cewa ɗigon ruwa mai faɗowa a kan gan shi kamar miƙaƙƙen zare, abin da ake juyawa da sauri kuma a kan gan shi kamar da'ira, alhali a kowane lokaci yana wuri guda ne tak. Yaron da ke wulwula bakin wuta a dandali ya san wannan ba tare da ya karanta ba. To, in aka bar ƙyauren kyamara a buɗe sakan 2 ko 3, duk inda wutar ta bi sai ta bar sawunta a faifan, kamar alƙalami a kan allo. Sai a sami zobe, ko igiya, ko wani zane irin na bakin riga. Da wannan dabara ce Gjon Mili ya ɗauki mai zanen nan Fikaso a 1949 yana zana sura cikin iska da 'yar fitila. Sharaɗinta guda ne, kada kyamarar ta motsa ko kaɗan. Hannu ba ya iya wannan, ko na wane ne. Sai a ɗora ta bisa abin nan mai ƙafa uku, in babu shi, katanga ko teburin mai shayi ya wadatar. A kuma daidaita gilashin da hannu tun da wuri, a kan wurin da mai wasa zai tsaya, gama cikin duhu kyamara kan yi ta lalube har wasa ya wuce. A matse kafar, domin garwashi mai ƙarfi ne, kada zaren ya ƙone ya zama fari.

Wayoyin da ke da tsarin dare, irin wanda Google ya fitar a 2018 da na iPhone a 2019, hotuna da yawa suke ɗauka a jere su haɗa su ɗaya. Wannan yana da kyau ga masallaci ko gada, abin da ba ya motsi. Ga mai rawa kuwa, sai ya fito da hannu huɗu, ko ba hannu sam.

Lokacin da ya fi kyau shi ne kafin shafaƙi ya ɓace, sa'ad da sama take da sauran haske, mutum da gida da itace suna da siffa. Amma a Kano wannan ba ya daɗewa, ga shi kuma lokacin salla ne, yawancin wasanni sai bayan isha'i. Don haka sai a nemi taimakon ƙwan shagon maƙwabta ko fitilar mai tsire, a tsaya yadda za ta haska gefen mai wasa.

Walƙiyar kyamara fa, nan ne wurin hattara. Mutumin da ke riƙe da jan ƙarfe a tsakiyar taro, idonsa ya saba da duhu, in aka watsa masa farin haske ba zato sai ya makance na ɗan lokaci, ɗan lokacin nan kuwa ya isa ƙarfe ya sauka kan yaro. Ba a kunna ta sai da izininsa. Cikin hunturu ma ba ta da amfani, ƙurar da ke gaban gilashi take haskawa, hoto ya fito da ɗigo-ɗigo. Mai hoto ya tsaya iska tana bayansa, ya sa tufafin auduga, domin yadin roba narkewa yake ya manne wa fata. Wanda kuwa ya ga ana tsoma tsumma cikin fetur maimakon kananzir don wuta ta yi kyau a hoto, ya hana, gama tururin fetur yana kamawa tun ashana ba ta kai gare shi ba. Asibitin Malam Aminu Kano yana nan kusa a hanyar Zariya, amma ba a so a kai kowa. 'Yan kasuwa ba sa bukatar a tuna musu gobarar Sabon Gari ta watan Maris 2016, balle ta Farm Centre ta 2025. Kusa da rumfa ko tarin kwali ba wurin wannan wasa ba ne.

Saura maganar haƙƙi. Maƙeri da makaɗansa da liƙin 'yan kallo suke komawa gida. Saurayi ya ɗauke su, ya ɗora a TikTok ko Facebook, dubbai su gani, ba a ko ambaci sunan mai wutar ba, balle a ba shi na goro. Ɗan kasuwa ba zai yarda a yi wa hajarsa haka ba. Ta tsangaya ta fi nauyi, domin yara ne, iyayensu suna nesa, amanarsu tana hannun alaramma. Sau da yawa hoton almajiri yana karatu a bakin wuta kan ƙare a shafin wata jarida a ƙarƙashin labarin bara, shi da malaminsa ba su sani ba. Saboda haka mai hoto ya fara zuwa da rana, ya yi sallama, ya faɗi inda hoton zai tafi. In alaramma ya ce a'a, a mai da kyamara jaka. In ya yarda, a wanke hoton a takarda a kai masa nasa, a kuma lura da allunan da suka fito ciki, kada takardar ta koma hannun mai ƙunsa ƙosai.