Gwamnati a Buɗe: Yadda Ake Auna Alkawuran Najeriya, da Abin da Ya Shafi Bauchi

Tun ranar 22 ga Nuwamba, 2022, da tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙo mai a Kolmani, kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe, al'ummar yankin ke da muradin sanin su wane ne ke da kamfanonin da ke aikin, da kuma sharuɗɗan yarjejeniyar. Bayyana irin waɗannan bayanai na daga cikin alkawuran da Gwamnatin Tarayya ta ɗauka a ƙarƙashin ƙawancen gudanar da gwamnati a buɗe, wato OGP.

Ƙasashe takwas ne suka kafa ƙawancen a watan Satumba na 2011, ciki har da Amurka, Birtaniya, Brazil da Afirka ta Kudu. Najeriya ta shiga a Yulin 2016, bayan taron yaƙi da rashawa na Landan. Wajibi ne kowace ƙasa ta rubuta kundin alkawura tare da ƙungiyoyin farar hula. Kundin farko na Najeriya, na 2017 zuwa 2019, ya ƙunshi alkawura 14, na biyu ya ƙunshi 16, na uku kuma ya fara aiki a 2023.

Wane ne ke tantancewa?

Da yake ba ya yiwuwa mai alkawari ya zama alƙalin kansa, ƙawancen ya kafa sashe mai zaman kansa, IRM, wanda kwamitin ƙwararru na duniya ke sa wa ido. Masu binciken sashen ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Suna nazarin takardu, su tattauna da jami'ai da ƙungiyoyi, sannan su nemi hujja kan duk wani iƙirari.

A farkon zango, sukan duba ko alkawarin yana da ma'auni bayyananne, da ko an dama da jama'a wajen rubuta shi. A ƙarshe sai su sanya shi a ɗaya daga matakai huɗu: ba a fara ba, an taɓa kaɗan, an yi nisa, ko an kammala. Daga nan su duba ko ya sauya yadda hukuma ke aiki, domin ana iya buɗe shafin intanet na kwangiloli amma a bar shi fayau. Ana bai wa gwamnati da ƙungiyoyi daftarin su yi tsokaci, amma hukuncin ƙarshe na sashen ne.

Abin da aka cim ma

Fannin da Najeriya ta fi samun yabo shi ne bayyana ainihin masu kamfanoni. Hukumar NEITI ta buɗe rajistar masu kamfanonin mai da ma'adinai a Disambar 2019, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana su, sannan hukumar CAC ta ƙaddamar da rajistar ƙasa a Mayun 2023. Wannan ne ke bai wa ɗan jarida a Bauchi damar bincika wanda ke bayan kamfanin da ya sami kwangila.

Inda aka fi samun tsaiko kuwa shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar ɗan ƙasa, amma hukumomi da dama ba sa miƙa rahoton shekara da ta wajabta musu ga Antoni Janar na Tarayya. A Afrilun 2025, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan jihohi, abin da ke nufin mazaunin Wunti ko Yelwa na iya neman takardun kwangila daga ma'aikatar jiha kamar yadda zai nema daga ta tarayya.

Iyakar rahoton

Sashen IRM ba ya gurfanar da kowa, ba ya kuma binciken asusu irin na Babban Mai Binciken Kuɗi. Sai dai ƙasar da ta yi ta saɓa ƙa'idojin ƙawancen za a iya sanya ta ƙarƙashin bita, har a dakatar da ita. Rahotannin suna nan kyauta a shafin OGP, kuma ƙungiyoyi da 'yan jarida a ƙananan hukumomi 20 na Bauchi na iya kafa hujja da su yayin sauraron ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi.