Masaukin Matafiyi Mai Ƙaramin Guzuri

Kai mai karatu, in kana zaune a Kirikasamma, ko Baturiya, ko Guri, ko wani gari na bakin fadamar Haɗejiya, ka sani wata rana tafiya za ta kama ka. Ko ka kai bandar kifi kasuwar Haɗejiya, ko ka kai sa Maigatari ran Alhamis, ko ka raka majinyaci asibiti a Kano, ko ka tafi neman wata takarda a Dutse, wadda ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991. Irin wannan tafiya ba kullum akan gama ta yini guda ba. Rana za ta faɗi, ga ka a garin da ba ka san kowa ba, jarinka duka yana cikin aljihu. To, ina za ka kwana? Abin da za mu duba ke nan, gama dare ɗaya a mugun masauki ya isa ya cinye wahalar shekara.

Yadda mutanen dā suke sauka

A zamanin dā fatake ba su san otal ba. In ayari ya tashi zuwa Gwanja sayen goro, madugu ne ke sanin inda za a yada zango, watau wurin da ke da ruwa da ciyawa da tsaro. Sa'an nan in an shiga babban gari, kowane falke yana da fatoma. Fatoma shi ne maigidan da ke saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi ciniki bashi. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki, abinsa yana fitowa daga cikin la'ada. Saboda wannan al'ada ne har yau ake kiran unguwannin Hausawa Zango a Kumasi da Ankara. Wanda ba falke ba kuwa, sai ya yi sallama a ƙofar mai unguwa ko limami, a kai shi zaure, domin malamai sun karantar da cewa haƙƙin baƙo kwana uku ne.

Da Turawa suka ci Haɗejiya a 1906, sai suka giggina bariki a manyan garuruwa, domin jami'ansu masu rangadi. Talaka ba shi da wuri a ciki. A 1930 hanyar jirgin ƙasa ta Kano ta isa Nguru, ta bi ta Malam Madori da Birniwa, bayan haka motoci suka yawaita. Matafiya suka fi ƙarfin zaurukan gari, kuma mai zuwa yau ya wuce gobe ba ya samun sanin kowa. Daga nan aka fara gina ɗakunan da mutum zai biya ya kwana. A Amurka ma mota ce ta jawo haka: a 1925 aka buɗe wani masauki a bakin hanya a Kalifoniya domin masu motoci, aka kira shi motel, watau otal na mota.

Ka ga bambancin. Fatoma ya san ubanka, kuma ribarsa tana tare da ribarka, saboda haka tilas ya kiyaye ka. Mai otal bai san ka ba, abin da ke tsakaninku kuɗin dare ɗaya ne. Aikin da fatoma ke yi maka dā, yanzu kai za ka yi wa kanka.

Kafin ka biya

Da fari, ka yi ƙoƙari ka isa gari da sauran rana. Wanda ya iso bayan lisha ba ya zaɓe, abin da aka nuna masa shi zai karɓa. Na biyu, ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Amma ka san wanda za ka tambaya. Dattijon direba, ko limamin masallacin tasha, ko dillalin da ka saba ciniki da shi, sun fi yaron da ya tare ka yana jan jakarka, gama mai yiwuwa shi an yi masa alkawarin kamasho ne bisa kowane baƙo.

In ka isa, kada ka miƙa kuɗi sai ka ga ɗakin da idonka. Ka taɓa ƙofa, ka ga ko tana da sakata ta ciki. Ka duba taga, ko da waya ko ta yage. Ka ɗaga zanen gado, ka dubi ɗinkin katifa: in ka ga ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe, kashin kuɗin cizo ne, kuma shi ƙwaron yakan shiga kaya ya bi mutum har gida. Ka leƙa makewayi, ka tabbata akwai ruwa. Ka kuma dubi irin mutanen da ke shige da fice. Gidan da ake shaye-shaye da caca a cikinsa, ko kyauta aka ba ka, wuce, domin ranar da hukuma ta kai samame ba a tambayar wane ne baƙo.

Sa'an nan ka yi ciniki a fili. Nawa ne kuɗin dare ɗaya? Da wane lokaci ake barin ɗaki? Galibi da tsakar rana ne, wanda ya zarce a caje shi wani kwana. Wutar janareta tana cikin kuɗin, ko dabam take? Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma kai ba ado ka zo nema ba. Abu uku kake saye: ƙofa mai kulluwa, da shimfiɗa mai tsabta, da ruwa. In sun samu, sauran duk ƙari ne.

A nan ne karatun da ka koya zai yi maka rana. Za a kawo maka littafin baƙi. Ka rubuta sunanka da garinku da hannunka, ka nuna katin shaidarka in an nema, amma a mayar maka da shi nan take. Ka karɓi rasit, ka karanta shi tun kana tsaye: kwanan wata, da lambar ɗaki, da adadin kuɗi. Gobe in gardama ta tashi, takarda ce shaidarka, gama baƙo ba shi da mai tsaya masa.

Abokan gāba uku na dare

Na farko sauro. Kai mutumin fadama ka san shi, amma sabo ba magani ba ne. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare ya fi cizo. Gidan sauro ba shi da nauyi, naɗe naka ka sa a jaka tare da 'yar igiya, domin ƙananan masaukai da yawa ba su da shi.

Na biyu hayaƙi, shi ne kuwa ya fi haɗari domin ba a jin zuwansa. Janareta da garwashin gawayi suna fitar da wata iska mai guba, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da ke rayar da mutum, sai mai barci ya zarce. Kada ka karɓi ɗakin da janareta ke ƙarƙashin tagarsa. Kada ka shigar da kaskon wuta ɗaki ka rufe, komai sanyin hunturu. In ka farka da ciwon kai da jiri, buɗe ƙofa ka fita waje nan da nan, ka ta da maƙwabta.

Na uku ɓarawo. Shi yakan fara aikinsa tun da rana, da kunne. Saboda haka kada ka faɗi abin da ka sayar a teburin mai shayi, kada ka ƙirga kuɗi a tsakar gida. In kana da ajiya a banki, zuba kuɗin cinikin tun kafin dare, ka riƙe na guzuri kaɗai. Lambar sirri ta katinka kuwa, kada ka ba kowa, ko da ya ce taimakonka zai yi. In tilas ta sa ka kwana da kuɗi, raba su biyu, ka ɗaura a jikinka. Ka yi tafiya da kwaɗonka. In aka ƙwanƙwasa da tsakar dare, tambayi ko wane ne ta bayan ƙofa. Abinci ko abin sha daga hannun wanda ka haɗu da shi yau, ka yi godiya, ka ce ka ƙoshi. Kuma kafin ka kwanta, buga waya gida, ka faɗi sunan masaukin da unguwar da yake.

Tafiyar damina

Kogin Haɗejiya daga ƙasar Kano yake fitowa, inda aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992. Ruwansa yakan cika a watan Agusta da na Satumba. A 2020 da 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a ƙasar Haɗejiya, ta yanke hanyoyi. Don haka mai tafiya a wannan lokaci ya ware kuɗin kwana ɗaya ko biyu bayan abin da ya yi niyya. In magariba ta riske ka, aka ce ruwa ya hau hanya, kwana inda kake. Kada rowar kuɗin ɗaki ta sa ka shiga kwalekwale mai lodi cikin duhu. Kuɗin ɗaki ana mayar da shi a kasuwa ta gaba, rai ba a mayar da shi.

Haƙƙin da ke kanka

Kai ma akwai abin da ake binka. Kada ka ɗaga murya mutane suna barci. Kada ka ɓarnatar da ruwa, wataƙila sayensa aka yi daga 'yan garuwa. In ka fasa wani abu, ka faɗa. Da safe ka duba ƙarƙashin matashi, ka miƙa makulli hannu da hannu, ka yi sallama. In gidan ya yi maka kyau, rubuta sunansa a littafinka, ka gaya wa mutanen garinku. Da haka baƙo ke zama ɗan gida, har ka ga mai masauki ya koma kamar fatoman kakanninka.

Hausawa sun ce kowa ya kwana lafiya shi ya so. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya. Amin.