Jinya A Gida: Wa Ke Sa Ido A Sokode Da Dapaong?

Idan tsoho ya kwanta ciwo a Zangon Sokode da ke ƙasar Togo, sau da yawa ba ya daɗewa a gadon asibiti. Da zarar kuɗi sun ƙare sai a maido shi gida hannun iyali, a riƙa kiran mai allura safe da yamma, wani lokaci har ya ɗaura masa ƙarin ruwa a ɗaki.

To, wa ke duba takardun wannan mai allura? Dokar kiwon lafiya ta ƙasar ta 2009 ta haramta aikin jinya ba da izini ba, amma jami'an sa ido ba sa iya bin kowane gida.

A Dapaong kuwa, can arewa, ƙungiyar Vivre dans l'Espérance da Sista Marie Stella ta kafa a 1999 tana bin masu cutar ƙanjamau har gida, kuma an san inda ma'aikatanta suka fito, an san inda za a kai kuka.

Kafin hukuma ta yi nata, mai karatu, nemi takardar mai allura, kuma a ɓare sabon sirinji a gabanka.