Masu Farautar Tsofaffin Littattafai da Suka Sauya Zanen Italiya

A shekarar 1345, mawaƙin Italiya Petrarch yana bincike a ɗakin littattafan babbar majami'ar Verona, sai ya ci karo da kundin wasiƙun Sisero, ɗan siyasar Roma da aka kashe shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Malaman Turai sun daɗe da sanin Sisero, amma a matsayin suna ne da ake kafa hujja da shi a aji. A cikin wasiƙun nan kuwa sai ga mutum da jini a jika: yana kukan bashi, yana tsoron abokan gaba, yau ya yabi wani gobe ya kushe shi. Petrarch ya zauna ya kwafe su da hannunsa, har ya rubuta wa mamacin wasiƙa yana yi masa faɗa don ya tsoma kansa a rigimar mulki da tsufansa.

Daga nan farautar ta kankama. Poggio Bracciolini, magatakarda a fadar Fafaroma, ya riƙa bin gidajen rahibai yana kakkaɓe ƙura daga littattafan da aka manta da su. A 1417 ya gano doguwar waƙar Lucretius, wadda ke cewa duniya an gina ta ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Waɗannan mutane su tarihi ke kira malaman ɗan'adamtaka, kuma su ne ƙashin bayan zamanin farfaɗowar Turai. Karatunsu fanni biyar ne: nahawu, balaga, waƙa, tarihi da ilimin kyawawan halaye. Manufarsu ita ce a tarbiyyantar da mutumin da zai iya tsayawa a majalisar gari ya yi magana mai ma'ana, ya kuma san abin da ya kamata ya yi da mulki ko dukiya in sun zo hannunsa.

Birnin Fulorans ne ya fi rungumar wannan karatu, kuma dalilin a fili yake. Gari ne na fataken ulu da masu banki, ba shi da sarki, kullum yana bukatar masu iya rubuta wasiƙar da za ta shawo kan maƙwabta. Babban magatakardan birnin, Coluccio Salutati, ya sa aka gayyato malami Manuel Chrysoloras daga Kustantiniyya, ya fara koyar da harshen Girka a 1397. Daga baya Cosimo, uban gidan Medici, ya ɗauki nauyin Marsilio Ficino ya fassara littattafan Aflatun zuwa Latin, aka buga su a 1484.

Babban abin da malaman nan suka bari ɗabi'a ce guda: kada ka yarda da abin da aka ce, koma tushe ka duba da idonka. Lorenzo Valla ya nuna kaifin wannan ɗabi'a a 1440. Akwai wata takarda da aka yi ɗaruruwan shekaru ana cewa Sarki Constantine ne ya rubuta ta a ƙarni na 4, wai ya miƙa wa Fafaroma ikon Roma da yammacin daular. Valla ya bi ta layi bayan layi. Ya nuna cewa Latin ɗinta ba na wancan zamani ba ne, tana ambaton muƙaman da Romawa ba su da su, tana kuma kiran Kustantiniyya da suna tun kafin a kafa birnin. Takardar jabu ce. Gaskiya ne Valla yana yi wa Sarki Alfonso na Naples aiki a lokacin, shi kuwa sarkin ba sa ga maciji da Fafaroma, amma hujjar ta tsaya da ƙafarta har yau.

Wannan ɗabi'ar ce ta tsallaka daga teburin malamai zuwa rumfar masu sana'a. Filippo Brunelleschi maƙerin zinariya ne tun farko. Ya je Roma yana auna kufan gine-ginen Romawa, ya dawo ya ɗora wa babbar majami'ar Fulorans ƙubbar da ta gagari magina, tsakanin 1420 da 1436. Amma wani ɗan ƙaramin allo da ya zana ya fi ƙubbar tasiri a kan masu zane. Ya tsaya a bakin ƙofar majami'ar ya zana ginin baftisma da ke fuskantarsa, ya shafa gogaggiyar azurfa a gurbin sararin sama, sannan ya huda allon. Mai kallo zai sa ido a hudar ta bayan allo, ya riƙe madubi a gabansa. In ya ɗaga madubin ya ga zane, in ya kawar ya ga ginin na gaske, kuma layukansu sun hau kan juna daidai. Har gizagizai na wucewa a cikin azurfar.

Sirrin shi ne duk layukan da suka nufi nesa su haɗu a ɗigo guda daidai tsayin idon mai kallo, kamar yadda ƙarafunan layin dogo ke matsowa kusa da juna har su haɗe a can ƙarshen gani. Ilimin da ke ƙarƙashin wannan dabara ba a Italiya aka fara shi ba. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 11, shi ya kafa hujjar cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido a miƙe. An fassara littafinsa Kitabul Manazir zuwa Latin da Italiyanci, kuma masassaƙi Lorenzo Ghiberti ya kwashi bayanai masu yawa daga cikinsa ya zuba a nasa rubutun. Ibn al-Haisam ya yi bayanin yadda ido ke gani, mutanen Fulorans kuma suka mayar da bayanin hanyar zane. Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idojin a 1435.

Wanda ke son ganin sakamakon sai ya shiga majami'ar Santa Maria Novella. Wajen 1427 Masaccio ya zana Annabi Isa (AS) a kan gicciye, bisa imanin Kiristoci, a jikin bango shafaffe. Amma mai kallo zai rantse an fafe bangon ne an yi ɗaki mai rufin baka a ciki. Miji da matar da suka biya kuɗin aikin suna durƙushe a gefe, kuma girman jikinsu ɗaya da na tsarkakan da ke cikin zanen, alhali a da ƙanana ake zana irinsu. A ƙasa kuma ga ƙwarangwal kwance a kan kabari. Masaccio ya rasu a 1428 yana ɗan shekara 26.

Zanen nan kaɗai ya isa ya rushe zaton da ake yi cewa mutanen nan sun juya wa addini baya. Yawancin ayyukansu na majami'u ne, Ficino limamin coci ne, Valla ma a hidimar fadar Fafaroma ya ƙare. Ko Pico della Mirandola, wanda a 1486 ya rubuta shahararren jawabinsa kan darajar ɗan'adam, hujjarsa ita ce Mahalicci ne ya ba mutum zaɓin ya ɗaukaka kansa ko ya ƙasƙantar.

Sai dai darajar da ake ta yabo ba ta kai ga kowa ba. Masu aikin ulun da suka tara wa birnin dukiya ba su shiga ajin ba. Isotta Nogarola, mace mai zurfin ilimin Latin a Verona, takardar ɓatanci marar sa hannu aka watsa a kanta a 1439. A 1497 kuma mabiya mai wa'azi Savonarola suka tara madubai, kayan ado, littattafai da zane-zane suka cinna musu wuta a dandalin Fulorans. Shekara guda bayan nan aka kashe shi a wannan dandali.

Petrarch kansa bai ɓoye ƙiyayyarsa ga malaman Larabawa da mabiya masanin falsafa Ibn Rushd ba, kuma wannan tabo ne a tarihinsa. Amma tsakanin 1509 da 1511, da mai zane Raphael ya zana taron masana falsafa a bangon fadar Fafaroma, sai da ya saka Ibn Rushd da rawaninsa, ya sunkuyo yana leƙen littafin Pythagoras.

Ƙishirwar sanin duniya ta kai har ƙasar Hausa. A 1518 'yan fashin teku suka kama Hasan al-Wazzan, ɗan Fas, aka miƙa shi ga Fafaroma Leo na 10, wanda ɗan gidan Medici ne. A Roma ya kammala littafinsa kan Afirka a 1526, aka buga shi a Benis a 1550, kuma a cikinsa akwai bayanin Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir.