Hukuncin Lasisin Mashaya Mai Kiɗan Dare Da Abin Da Ya Hau Kan Musulmin Da Ke Maƙwabtaka Da Ita

Tambaya:

Ina zaune da iyalina a Manchester, ƙasar Ingila. An manna wata shuɗiyar takarda a jikin wani shago da ke layinmu, gida huɗu ne tsakaninsa da masallacinmu. Takardar ta ce ana neman lasisin sayar da giya da kawo makaɗa har ƙarfe 3 na dare. Jama'ar masallaci sun rabu biyu. Wasu sun ce ƙasar ba tamu ba ce, mu yi shiru. Wasu matasa kuma sun ce a je a tsorata mai shagon. Ginin na wani Musulmi ne, kuma a cikin kansilolin yankin akwai ɗan'uwanmu Musulmi. Mene ne hukuncin kowa a cikinmu?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

To ɗan'uwa, a taƙaice: bai halatta Musulmi ya nemi wannan lasisi ba, ko ya ba da hayar gininsa dominsa, ko ya goyi bayan a bayar da shi. Ku kuma maƙwabta, yin shiru kuskure ne, tsorata mai shago ma kuskure ne. Abin da ya hau kanku shi ne ku rubuta ƙorafi ga hukuma a cikin wa'adin da doka ta ba ku, ku faɗi gaskiya, ku halarci zaman da za a yi. Ga bayanin.

Na farko: hukuncin wurin kansa

Haramcin giya ba ya buƙatar dogon bayani. Allah Maɗaukaki ya haramta ta a aya ta 90 da ta 91 cikin Suratul Ma'ida, ya kuma bayyana cewa da ita Shaiɗan yake jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, ya kange su daga ambaton Allah da salla. A hadisin Anas ɗan Malik (Allah ya yarda da shi) wanda Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, Annabi (SAW) ya tsine wa mutum goma a kan giya. Mai sha ɗaya ne kawai a cikinsu. Sauran masu taimakawa ne, kamar mai sayarwa, da mai ɗauka, da mai cin kuɗinta. Daga nan malamai suka gane cewa duk wanda ya sa hannu har giya ta isa bakin mai sha yana da rabonsa na zunubi.

Game da kiɗa kuwa, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan haramcin kayan kiɗa, ban da bandiri a biki da idi, suna kafa hujja da hadisin Abu Malik Al-Ash'ari da ke cikin Bukhari. Wasu kamar Ibnu Hazm sun saɓa musu. Amma wannan saɓani bai shafi tambayarka ba. Imam Gazali yana cikin masu sassauci a babin waƙa, duk da haka ya hana kayan kiɗan da suka zama alamar mashaya, saboda suna jan mutum zuwa ga sha. A mashaya aikin makaɗi shi ne ya riƙe mutane su daɗe, su ƙara saye. Kiɗan da aka kafa domin wannan ba a jayayya a kan haramcinsa.

Na biyu: mai ginin

Imam Malik da Shafi'i da Ahmad, da almajiran Abu Hanifa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, duk sun hana a ba da hayar gida ga wanda aka san giya zai sayar a ciki. An ruwaito sassauci daga Abu Hanifa a kan ƙauyukan Kufa waɗanda mafi yawan mutanensu ba Musulmi ba ne, wasu kuma suna fakewa da wannan a ƙasashen Turai. Maganar mafi yawan malamai ita ce mafi ƙarfi, domin aya ta 2 cikin Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi, kuma ba ta ware wata ƙasa ba. Kuɗin hayar daga cinikin giyar za su fito, ba daga wani wuri ba.

Ku aika masa da dattawa biyu ko uku waɗanda yake jin nauyinsu, su same shi a keɓe, kada a kunyata shi a gaban jama'a. In bai sa hannu a yarjejeniyar haya ba, ya janye. In ya riga ya sa hannu, ya kai takardar wurin lauya a duba masa ko akwai sharaɗin da ya ba shi ikon hana irin wannan sana'a a gininsa, kuma kada ya sabunta hayar in wa'adinta ya cika. Haka hukuncin yake ga Musulmin da za a ɗauka aikin tsaron ƙofar mashayar, ko wanke kofuna, ko haɗa na'urar sauti: ya nemi wani aikin, Allah ba ya tozarta wanda ya bar abu dominsa.

Na uku: ɗan'uwanku kansila

A Ingila da Wales ƙaramar hukuma ce ke ba da wannan lasisi, a ƙarƙashin Dokar Lasisi ta 2003 wadda ta fara aiki a 2005. Idan aka samu ƙorafi, ƙaramin kwamiti na kansiloli 3 ne ke zama ya yanke hukunci. Doka ta ɗaure su a kan su yi hukunci da dalilan da ta lissafa. Wanda ya shiga zaman alhali ya riga ya yanke cewa komai aka faɗa zai ƙi, ana iya ƙalubalantar hukuncinsa a kotu. Ke nan Musulmin da ke cikin kwamitin yana tsakanin abu biyu: ko ya ɗaga hannu a ba da lasisin giya, ko ya ɓoye ainihin dalilinsa ya nuna wani daban.

Mafi aminci ga addininsa shi ne ya nemi a sauya masa kwamiti, ko ya janye daga wannan zaman. Janyewar ba ta hana shi amfanar ku ba, domin doka ta yarda kansila ya shigar da ƙorafi da kansa, ko ya yi magana da yawun mutanen mazaɓarsa a gaban kwamitin. A nan zai faɗi gaskiya ba tare da ya sa hannu a kan haram ba. Wasu malamai sun yi rangwame ga wanda ya zauna a irin wannan kujera da niyyar rage sharri, kamar yadda Ibnu Taimiyya ya yi fatawa ga ma'aikacin da ke sassauta wa talakawa harajin zalunci wanda ba shi da ikon soke shi gaba ɗaya. Wannan rangwame ya tsaya a kan rage awoyi da tsaurara sharuɗɗa a inda lasisin zai fita ko yana nan ko ba ya nan. Bai haɗa da yi wa mashayar yaƙin neman amincewa ba. Shi kuwa ma'aikacin da aikinsa auna ƙarar sauti ne, ko binciken masu sayar wa yara giya, aikinsa hana cuta ne, babu laifi a kansa.

Na huɗu: ku maƙwabta

A hadisin Abu Sa'id Al-Khudri da ke cikin Muslim, Annabi (SAW) ya jera matakai uku na gusar da abin ƙi: hannu, sai harshe, sai zuciya, kowa gwargwadon ikonsa.

Matakin hannu a kan dukiyar wani na hukuma ne. Abin da kuke gani Hisba tana yi a Kano na fasa kwalaben giya, da dokar jiha da iznin gwamnati take yin sa. Ku a Manchester ba ku da wannan iko. Kun shiga ƙasar, ko an haife ku a cikinta, bisa alkawarin zaman lafiya, cika alkawari kuwa wajibi ne ko da wanda ba Musulmi ba aka ƙulla shi. Ku gaya wa matasan nan cewa barazana da fasa gilashi da zagi haramun ne, kuma ƙarshensu kurkuku ne ga yaran, da baƙin jini ga masallacin, da tausayin jama'a ga mai mashayar. Malamai sun yi ittifaƙi a kan cewa ba a gusar da abin ƙi da abin da zai haifar da wanda ya fi shi muni.

Masu cewa a yi shiru kuma su san cewa ba a komawa matakin zuciya sai harshe ya gaza, ku kuwa an buɗe muku ƙofar magana. Wannan shuɗiyar takarda doka ce ta tilasta a manna ta kwana 28 a jere, domin duk mai ƙorafi ya rubuta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan kwanakin suka cika babu ƙorafi karɓaɓɓe daga 'yan sanda ko wata hukuma ko wani mutum, dole ne ƙaramar hukuma ta ba da lasisin, ba tare da an yi wani zama ba. Ashe shirunku yana cikin abin da zai buɗe mashayar.

Yadda za ku rubuta ƙorafin

Ka duba ranar ƙarshe da adireshin da aka rubuta a jikin takardar. Wasiƙar da ta iso bayan ranar ba za a duba ta ba.

Dokar dalilai 4 kaɗai take saurare: hana aikata laifi da tashin hankali, kiyaye lafiyar jama'a daga haɗari, hana damun mutane, da kare yara daga cutarwa. Idan ka rubuta cewa giya haramun ce a addininka, gaskiya ka faɗa, amma kwamitin ba shi da ikon yin hukunci da wannan, za a ajiye wasiƙar a gefe. Haka idan ka ce mashayu sun ishi unguwar, babu buƙatar wata.

Kada ka ji kamar ka ɓoye addininka don ka yi magana da waɗannan dalilai huɗu. Kare rai da hankali da dukiya da zuriya suna cikin manyan manufofin Shari'a, hana cutar da maƙwabci kuma asali ne a addini. Niyyarka hani ga mummuna ce, ladanka yana kan niyyar, hujjar kuwa sai ka kawo wadda alƙalin zai iya aiki da ita.

Ka rubuta abin da ka sani da idonka. Tazarar da ke tsakanin shagon da ɗakin da yaranka ke kwana. Lokacin da yaran makarantar Alƙur'ani ke wucewa ta ƙofar. A watannin Yuni da Yuli, isha'i a arewacin Ingila tana kaiwa wajen ƙarfe 11 na dare, asuba kuma tana zuwa da wuri ƙwarai, don haka tsofaffin da ke tafiya masallaci da ƙafa za su yi kiciɓis da masu fitowa a buge. Haka mata da yara a dararen tarawihi. Idan an taɓa yin faɗa a layin, ko ana fasa kwalabe, ko ana fitsari a ƙofar gidaje, ka ambaci rana da lokaci.

Ka lura da ƙarfe 11 na dare. Bayan dokar kiɗa ta 2012 da gyaran da aka yi a 2015, mashayar da ke da lasisin giya tana iya kawo makaɗa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 11 na dare, ga jama'ar da ba ta wuce 500 ba, ba tare da wani izni na daban ba. Abin da ya wuce 11 shi ke buƙatar lasisi, don haka a kan waɗannan awoyi huɗu na tsakar dare ya kamata ku fi ƙarfafa magana.

Kowa ya rubuta tasa wasiƙar da bakinsa, maza da mata, domin uwar da ke renon jariri ta fi kowa sanin abin da ƙarar dare ke yi wa gida. Ku sa suna da adireshi, ku kuma sani cewa yawanci ana nuna wa mai neman lasisin wasiƙun. Ku ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabtanku waɗanda ba Musulmi ba, su ma barci suke so, su ma suna da yara. Haɗa kai da su a kan tunkuɗe cuta taimakekeniya ce a kan alheri.

Kada kowa ya ƙara gishiri. Aya ta 8 cikin Suratul Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Ƙirƙiro faɗan da ba a yi ba, ko yi wa mai shagon ƙazafin sayar da ƙwaya, shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai. A dokar ƙasar ma laifi ne faɗin ƙarya da gangan a kan takardar neman lasisi, kuma ƙarya ɗaya in ta tonu sai ta zubar da gaskiyar mutum hamsin.

Bayan zaman kwamiti

Ku je zaman da kanku, ku zaɓi mai natsuwa ya yi magana. Kwamitin yana iya ƙin ba da lasisin, ko ya cire kiɗan dare, ko ya rage awoyi, ko ya sa sharuɗɗa kamar rufe ƙofofi da tagogi lokacin kiɗa, da sa na'urar da ke ƙayyade ƙarar sauti. Idan an nemi ku sasanta a kan rage awoyi, babu laifi ku karɓa. Neman a rage sharrin da ba ku iya kawar da shi ba yarda da shi ba ne. Ku dai kiyaye lafazinku: ku nemi a rage, kada ku rubuta cewa kuna goyon baya.

Wanda ya shigar da ƙorafi yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun majistare, amma ku nemi shawarar lauya tukuna saboda kuɗin shari'a. Ko an buɗe mashayar, kowa yana da damar neman a sake duba lasisin idan cuta ta bayyana, a nan kuma hukuma tana iya sa wa kiɗan sharaɗi har da na kafin ƙarfe 11. Don haka ku tanadi littafin da za ku riƙa rubuta abin da ya faru da ranarsa, kuna sanar da 'yan sanda da ofishin da ke kula da ƙarar sauti.

Idan kun yi duk wannan aka ba da lasisin, kun sauke nauyin da ke kanku, zunubin yana kan masu shi. Abin da ya rage shi ne ƙi da zuciya, da nisantar wurin, da sa ido a kan samarinku, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mai shagon kuma yana nan a matsayin maƙwabci: ba a cutar da shi, ana gaishe shi, ana roƙa masa shiriya.

Allah ya tsare mana imaninmu da zuriyarmu a duk inda muke.

Allah ne mafi sani.