Mai Jiri Da Kwalekwale

Idan damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, Kogin Mariga da rafukan da ke zuba cikinsa sukan cika su batse. A lokacin nan mu mutanen Kazage da sauran ƙasar Birnin Gwari mukan tarar mashigin da muke takawa da ƙafa da rani ya zama sai da fito. Ga mai lafiya ƙetarewa abin minti kaɗan ne. Amma akwai waɗansu 'yan'uwa a cikinmu waɗanda ransu ke kan siraɗi duk sa'ad da suka sa ƙafa cikin kwalekwale, yawancinmu kuwa ba mu san dalili ba.

Mata sun san tukunya ba ta zama sai bisa duwatsun murhu uku. Haka Allah ya shirya tsayuwar ɗan Adam. Dutse na fari shi ne ido. Na biyu tafin ƙafa da gaɓoɓi, masu jin inda ƙasa take. Na uku yana can cikin kunne, inda akwai 'yan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kai ya karkata ko ya juya.

Jijiya guda ce ke ɗaukar saƙon ji da na tsayuwa daga kowane kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Wani lokaci ƙari yakan tsiro a kanta, wanda likitoci ke kira akustik niyuroma. Ba sankara ba ne, ba ya yaɗuwa cikin jiki, ba a kuma ɗaukarsa wurin wani. Girmansa a hankali ne, sau da yawa milimita 1 ko 2 a shekara, wani ma yakan tsaya cik. Alamarsa ta fari ita ce kunne ɗaya ya riƙa rage ji, yana ƙugi ba fasawa, sa'an nan tafiya ta soma tangaɗi, musamman da duhu. Cutar ba ta da yawa, amma sanƙarau, da tsufa, da waɗansu allurai irin su sitireftomaisin da a dā akan yi wa masu tarin fuka, su ma sukan lalata wannan dutse na uku.

A tudu da rana irin wannan mutum yakan yi harkarsa, gama ƙwaƙwalwa takan koyi dogara ga ido da ƙafa. To, kwalekwale yana lilo, saboda haka ƙafa ba ta da abin gaskatawa. Idan kuma magariba ta yi, ido ya tafi. Tukunya ke nan ba dutse ko ɗaya. In ya faɗa cikin jan ruwan damina, yana iya rasa ina ne sama ina ne ƙasa, ko da shi gwanin iyo ne tun yana yaro. Ga shi kuma mai kunne ɗaya ba ya gane ta inda murya ke fitowa, balle ya nufi masu kiransa.

Saboda haka ga abin da ya kamata iyali su yi. A ƙetare da shi da rana tsaka, kada a yarda da fiton yamma kome gaggawa. Mutum biyu su kama shi wajen shiga da wajen fita, gama a nan aka fi faɗuwa. Ya zauna a tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa, kada ya miƙe sai an ɗaure jirgin. Ya kafa ido bisa wani itace ko dutse a ƙetare, ya bar kallon ruwa mai gudu. Kunnensa mai ji ya fuskanci mai fito. Wani ya ɗaukar masa kaya, in mace ce a karɓar mata goyo. Rigar ceto wajibi ce gare shi, in babu a tashar, gara ekklesiya ta yi karo-karo ta saya masa tasa. Bayan an sauka ya zauna tukuna, domin yakan ji ƙasa tana lilo na ɗan lokaci. Masu zuwa ziyara Isra'ila da akan zaga da su cikin jirgi bisa Tekun Galili, su ma wannan shawara ta shafe su.

Jirgin da aka cika maƙil kuwa, a bar shi ya tafi. A Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Kogin Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A Nuwamba na shekarar nan kuma wani ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan makaranta. Inda masu lafiya suka kāsa, ina ga mai jiri?

Kada kuma a tsaya ga dabara kaɗai. Duk wanda kunnensa ɗaya ya rage ji ba tare da mugunya ko ciwo ba, a kai shi a gwada. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Hoton da ake kira MRI shi ne ke nuna ƙarin. In ƙarami ne akan zuba masa ido, in ya girma akan ƙona shi da haske ko a yi aiki a cire. Barinsa ya yi girma ƙwarai yana iya danne ƙwaƙwalwa.

Akwai wata magana da ta fi shafarmu a ekklesiya. Mai tangaɗi da yamma, nan da nan sai a ce burkutu ne. Wanda aka gaishe shi ta kurman kunne bai amsa ba, a ce girman kai. Kunya takan sa shi ɓoye damuwarsa, ya shiga jirgi ba ya neman hannun kowa. Ya ku dattawa, ku bincika kafin ku yi horo. Mu tuna da mutum huɗun nan cikin Markus sura 2 da suka ɗauki shanyayye har gaban Yesu. Namu ɗan'uwan ba ya bukatar a ɗauke shi, hannu kaɗai yake so a bakin mashigi. Ubangiji ya ba mu idon ganinsa, ya kuma kai mu gacci lafiya.