Gigin tsufa: marasa lafiya biyu ne, ba ɗaya ba

Da wuya a samu garin da babu tsoho ko tsohuwa da mantuwa ta kama. An ba ta tuwo ta ci, jim kaɗan ta ce ba a ba ta ba. Ya fita masallaci, sai makiyaya su tsince shi a bayan gari, hanyar gida ta ɓace masa. Wasu su ce iskoki ne. Mafi muni, wasu su ce tsohuwar mayya ce, don tana kiran sunayen matattu da dare.

Ba maita ba ce, ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma ba kowane tsoho ke yin sa ba. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ke da shi a 2021. Fiye da 60 cikin 100 suna ƙasashe marasa ƙarfi da masu tasowa. Har yanzu babu maganin da ke warkar da shi.

Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, galibinsu suna manyan asibitoci irin na Yamai. Saboda haka nauyin yana kan malamin likita na karkara. Don irinsa ne OMS ta fitar da littafin jagora mai suna mhGAP a 2010, ta sabunta shi a 2016. Akwai shi da Faransanci.

Littafin ya ce malami ya fara da tambayar wanda ke zaune da tsohon: yaushe abin ya soma? In ruɗewar ta zo farat ɗaya, cikin kwana biyu ko uku, musamman tare da zazzaɓi, to wani ciwo ne daban, kamar zazzaɓin sauro ko ciwon mafitsara. Wannan yana da magani, kuma ba ya jiran ranar kasuwa. Gigin tsufa kuwa sannu yake shigowa, wata da watanni. Malami zai gwada tunanin tsohon da ƴan tambayoyi, ya auna hawan jini, ya duba idonsa da kunnensa. Littafin ya gargaɗi malamai su guji ba shi diyazefam, wato Valium. Balle ƙwayoyin barci da ake saye hannun ƴan talla: suna ƙara ruɗa tsoho, su kayar da shi.

Sai marar lafiya na biyu. Yawanci mace ce: ɗiya, suruka ko matar tsohon. Ita ke wanka da wanki, ita ke tsaron kada ya taɓa wuta ko ya nufi rijiya, ga daka, ga ɗiban ruwa. Wani lokaci shi da take wa hidima ne zai ce ta sace masa kuɗi. OMS ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na wannan wahala mata ke ɗauka. Littafin ya umarci malami ya tambaye ta ita ma: tana barci? Tana cin abinci? Wa ke karɓar ta? In baƙin ciki ya kama ta, ita ma a yi mata magani.

A 2019 OMS ta fitar da wani littafi, iSupport, don masu jinya. Yana koyar da sanin ciwon, hidimar yau da kullum, yadda za a yi in hali ya canja, da yadda mai jinya za ta kula da kanta. Malami yana iya karanta shi ya fassara wa iyali. Daga ciki: kada a yi gardama da tsohon, a yi masa magana a taƙaice, a bar kayansa inda ya saba. Ɗaure shi ko kulle shi a ɗaki ƙara masa firgita yake yi. Gara a sanar da maƙwabta da maigari, duk wanda ya gan shi a hanya ya rako shi gida.

Ana son a maido tsohon likita aƙalla kowane wata 3. A zo tare da mai jinyarsa, da duk magungunan da yake sha.